Soyayya, Aure da Takardun Gwamnati a Tarihin Hausawan Sudan

1.0 Gabatarwa

A wurin Bahaushe aure ɗaurawa ake yi. Shi ya sa ake cewa ɗaurin aure, ake kuma cewa igiyar aure uku ce. Balaraben Sudan kuwa "aƙadi" yake cewa, wato ƙulli, kuma da wannan kalma ɗaya yake kiran yarjejeniyar aure da ta ciniki da kwangilar da gwamnati ke ba kamfani. Ita kanta kalmar yarjejeniya daga yarda ta fito, kuma ƙirarta irin ta turereniya da rigegeniya ce, wato abin da ake yi wa juna. Ke nan a harshe, ba a ƙulla yarjejeniya sai kowane ɓangare ya yarda.

Manufar wannan takarda ita ce ta bi tarihin aure a tsakanin Hausawan Sudan tun daga farkon ƙarni na 20, ta dubi yadda takardun hukuma iri uku suka shiga cikinsa: kwangilar gona a Jazira, da hukuncin kotu a kan yardar budurwa, da takardar fili a unguwannin Khartum irin su Hajj Yusuf. Tambayar da za a bi ita ce: a cikin waɗannan ƙulle-ƙulle, yardar wa aka nema, ta wa aka bari?

2.0 Zuwan Hausawa Sudan

Hanyar aikin hajji ce ta fara kai mutanen ƙasar Hausa Sudan. Maniyyaci yakan tashi daga Kano ko Katsina a ƙasa, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, ya tsallake Kogin Nilu, ya nufi Sawakin inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin duk inda guzuri ya ƙare sai a zauna a yi noma ko ƙodago. Umar al-Naqar ya yi bayanin wannan al'ada a littafinsa na 1972, haka ma J. S. Birks a nasa na 1978.

Ƙaura mafi girma ta biyo bayan cin Sakkwato da Turawan Ingila suka yi a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutanen, suka isa bakin Shuɗin Nilu a 1906, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno kusa da Sinnar. Mutanen Sudan sun haɗa Fulani da Hausawa da Barebari duka suna kiransu Fallata ko Takari.

Yawancin waɗannan baƙi ba su ɗauki kansu mazauna ba. C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 a kan ƙauyukansu na Jazira, ya nuna cewa har jikoki da tattaɓa kunne da aka haifa a can suna kiran kansu matafiya a kan hanyar Makka. Wannan tunani ya shafi aure ƙwarai. Wanda ke ganin gobe zai tashi ba ya son ba da 'yarsa ga wanda zai tsare ta a inda aka yada zango, saboda haka aure ya fi yawa a cikin dangi ko a cikin jama'ar da aka taho tare.

3.0 Soyayya da Aure a Gargajiya

An daɗe ana ɗauka a wasu rubuce-rubucen Turai cewa soyayyar saurayi da budurwa abu ne na Turawa, sauran al'ummu kuwa aurar da 'ya'ya kawai suke yi. A 1992 William Jankowiak da Edward Fischer suka duba bayanan al'ummu 166, suka sami shaidar irin wannan soyayya a cikin 147. Hausa ma ba ta rasa shaida ba. Karin magana irin su "garin masoyi ba ya nisa" da "son maso wani ƙoshin wahala" sun girmi littattafan soyayya na Kano da nisa. Haka kuma matakan neman aure sun bar wa matasa fili: akwai dandali, akwai zance, akwai toshi, akwai kayan na-gani-ina-so, kafin manya su shigo da gaisuwar uwa da uba da baiko da sa rana.

Sai dai so daban, ikon ɗaura aure daban. A mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa da mafi yawan mutanen Sudan ke bi, mace ba ta ɗaura wa kanta aure sai da waliyyi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaure, ta ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa ko da bai nemi izininta ba. Wanda ba uba ba dole ya nemi izininta, kuma shirunta ana ɗaukarsa yarda ce. Bazawara kuwa sai ta buɗe baki ta ce ta yarda. Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne.

Daga wannan bambanci na budurwa da bazawara aka sami wata mafita da al'ada ta sani. Auren fari na iyaye ne, na biyu na mai shi ne. Tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, misali ne mai kyau. An yi mata auren zumunci don a faranta wa mahaifinta, ta zauna na ɗan lokaci, ta fita, sannan ta auri wanda take so tun da fari. Wato al'ada ba ta musanta soyayya ba, jinkirta ta take yi, kuma mace ce ke biyan kuɗin jinkirin da shekarun ƙuruciyarta.

Larabawan Sudan da Hausawa suka tarar suna da nasu labaran so, irin na Tajuj da Muhallak a gabashin ƙasar, kuma sun fi Hausawa riƙo da auren 'yar baffa. Abin da ya fi damun matasansu shi ne tsadar aure. Muhammad Ahmad al-Mahdi, wanda ya ci Khartum a 1885, ya sa hannu a wannan batu. Ya ƙayyade sadakin budurwa riyal goma, na bazawara riyal biyar, tare da 'yan tufafi, ya kuma hana almubazzaranci a biki. Wannan ya nuna cewa tun kafin Turawa, hukuma a Sudan tana ganin aure a matsayin abin da za ta iya yi wa doka.

4.0 Kwangilar Gwamnati a Sinnar da Jazira

Bayan yaƙin Karari na 1898, Ingila da Masar suka kafa mulkin haɗin gwiwa a 1899. Babban burin sabuwar gwamnati shi ne noman auduga a filin Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, don masaƙun Ingila. Wannan yana buƙatar madatsar ruwa a Sinnar. An fara aikin a 1914, yaƙin duniya ya tsayar da shi, aka koma a 1919. Da aka ga kuɗin ya zarce ƙiyasi da nisa sai aka dakatar da kamfanin farko, aka kira kamfanonin Ingila su yi takara a 1922. Kamfanin S. Pearson and Son ya ci kwangilar, ya gama a 1925. Mutanen Afirka ta Yamma suna cikin leburorin da suka yi wannan aiki da haƙar magudanan ruwa.

Kwangila ta biyu ita ce ta gonar kanta. Dokar filayen Jazira ta 1921 ta ba gwamnati ikon karɓar filaye haya ta dole na shekara 40, a kan girshi goma kowane fadan a shekara. Fadan ɗaya ya ɗan ɗara eka ɗaya. Aka yanka filin zuwa gonaki da ake kira hawasha, aka raba wa manoma. A farkon tsarin, ribar auduga kashi uku ake yi mata: manoma kashi 40 cikin ɗari, gwamnati 35, kamfanin Sudan Plantations Syndicate 25. Daga baya gwamnati ta koma 40, kamfani 20, har zuwa 1950 da hukumar gwamnati ta karɓi aikin kamfanin.

Abin lura shi ne mai hawasha ba mai gona ba ne, ɗan haya ne. Sufeton kamfani ke faɗa masa abin da zai shuka da ranar ban ruwa, kuma yana iya ƙwace hawashar idan ya ga sakaci. Bisa ƙa'ida ba a sayar da ita, ba a kuma yanka ta a raba wa magada yadda ake raba gonar gado. An rubuta sharuɗɗan an gama kafin manomi ya zo. Nasa kawai ya dangwala yatsa ko ya bari.

Da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930, manoma da dama suka watsar da hawashoshinsu, aka ba wasu daga cikin mutanen Afirka ta Yamma. Amma wannan ƙofa ba ta daɗe a buɗe ba. Dokar 1948 da ta fayyace wane ne ɗan Sudan, da dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, duka sun ɗora sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Bisa zahirin doka, har jama'ar da ta zo tare da Mai Wurno a 1906 ta makara. Mark Duffield, a littafinsa na 1981 a kan garin Mai Wurno, ya yi bayanin yadda batun takardar ɗan ƙasa, wato jinsiyya, ya tura da yawa daga cikin waɗannan mutane gefe. Mafi yawan Hausawan Jazira sun zauna a sansanonin leburori da ake kira kambo, jam'i kanabi, suna tsinkar auduga, ko suna noman raba-daidai da mai hawasha a kan yarjejeniyar baka wadda hukuma ba ta san da ita ba.

Tasirin wannan a kan aure ta fuska biyu ne. Na farko, kuɗin ƙodago a hannun saurayi yake faɗawa. A ƙasar Hausa, saurayin da ke cikin gandu sai ya jira mahaifinsa ya biya masa kuɗin aure, kuma wanda ya biya shi ke zaɓe. Wanda ya tara sadakinsa da tsinkar auduga yana da bakin cewa ga wadda yake so. Na biyu kuma, layin da hukuma ta ja tsakanin mai hawasha da ɗan kambo ya zama layin aure. Addini ɗaya, mazhaba ɗaya, sau da yawa ma malamin Bahaushe ne ake zuwa wurinsa neman addu'a, amma ba kasafai mai hawasha ke ba ɗan kambo 'yarsa ba. Kwangilar ta sassauta ikon uba a kan ɗa, ta kuma ƙarfafa katangar da ke tsakanin ƙabilu.

5.0 Kotu da Yardar Budurwa

Turawa sun bar aure da saki da gado a hannun kotunan shari'a da suka tsara da dokar 1902. Babban alƙalin ƙasa, wato Ƙadil Ƙudati, daga Masar ake kawo shi har zuwa 1947. Ɗaya daga cikinsu shi ne Mustafa al-Maragi, wanda daga baya ya zama Shaihun Azhar. Kotunan suna hukunci da mazhabar Hanafiyya, sai dai inda babban alƙali ya fitar da sanarwa, wato manshur, ya ce a bi wani ra'ayi.

Nan aka sami saɓani. A Hanafiyya, mace baliga mai hankali tana iya ɗaura wa kanta aure. Jama'a kuwa 'yan Malikiyya ne, kuma iyaye sun ga wannan a matsayin ƙwace musu 'ya'ya. A 1933 aka fitar da sanarwa ta 35, wadda ta mayar da batun waliyyi kan Malikiyya, ta tabbatar wa uba ikon tilastawa. Wato a wannan karo hukuma ta saurari iyaye maza, ba a tambayi 'yan mata ba.

Abin ya ɗauki shekara 27 kafin ya juya. An kafa Ƙungiyar Matan Sudan a 1952, kuma auren dole yana cikin manyan abubuwan da ta yaƙa. A 1960 aka fitar da sanarwa ta 54, wadda ta bar waliyyi a matsayinsa amma ta sa yardar mace ta zama sharaɗi, budurwa ce ko bazawara. A 1969 kuma aka daina amfani da 'yan sanda wajen mayar da matar da ta yi yaji gidan miji. Adabi ma ya sa baki: a cikin ƙagaggen labarin Ɗayyib Salih na 1966, Mausim al-Hijra ila al-Shamal, an tilasta wa wata gwauruwa auren tsoho, ta kashe shi ta kashe kanta.

Dokar iyali ta Musulmi ta 1991 ta tattara waɗannan hukunce-hukunce wuri guda. Ta riƙe waliyyi, ta riƙe yardar mace baliga, ta ba alƙali ikon ɗaura aure idan waliyyi ya ƙi ba da dalili. Amma ta yarda a aurar da yarinya 'yar shekara goma idan alƙali ya ba da izini. Saboda haka wanda ke son kauce wa sharaɗin yarda sai ya gaggauta auren kafin yarinya ta isa a tambaye ta. A 2018 wata kotu a Umdurman ta yanke hukuncin kisa a kan wata matashiya 'yar shekara 19 da ta kashe mijin da aka tilasta mata, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi ɗaurin shekara biyar da diyya. Shari'ar ta nuna tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta a 1960 da abin da ke faruwa a cikin gida.

Ga Hausawan kambo akwai ƙarin tazara. Aurensu liman ne ke ɗaurawa a ƙofar gida, a raba goro da dabino, a yi fatiha. Auren ya inganta a addini, amma sai an je wurin ma'azun, wato malamin da hukuma ta naɗa don rajistar aure, kafin a sami gasima, takardar shaidar aure. Iyalin da ba su da jinsiyya sukan guji ofis, kuma yarinyar da ba a kai aurenta gaban ma'azun ba, babu wani jami'i da zai tambaye ta ko ta yarda.

6.0 Hajj Yusuf: Fili da Gasima

Hajj Yusuf tana gabashin Nilu, a gefen Khartum Bahri. Ta bunƙasa da baƙi: mutanen Darfur da Kurdufan da fari na 1984 zuwa 1985 ya koro, da mutanen Kudu da na duwatsun Nuba da yaƙi ya koro, da iyalan Hausawa da suka baro Jazira da gabashin ƙasar. A ɗaya daga cikin unguwanninta, Takamul, Catherine Miller da Al-Amin Abu-Manga suka yi binciken da suka buga a 1992 a kan yadda 'ya'yan baƙi ke komawa Larabci. Abu-Manga ya kuma fitar da littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan ke ɗaukar siffofin Larabci.

A nan ma gwamnati ce mai ƙasa. Dokar 1970 ta mayar da duk filin da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati. Filin gida a birni haya ce ta wa'adi: shekara 50 a unguwa mai daraja ta ɗaya, 30 a ta biyu, 20 a ta uku, ana sabuntawa. Da gwamnati ta shiga rusa unguwannin da aka gina ba izini da sake tsara su daga 1990, an fifita mai takardar ɗan ƙasa wanda ke da iyali wajen rabon filaye. Da haka gasima ta tashi daga takardar da ake jefawa ƙasan akwati ta zama hujjar neman muhalli. Auren da ba a rubuta ba ya zama asara, matar da ke cikinsa kuma ba ta da abin nunawa idan miji ya rasu ko ya sake ta.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1994 ta matso da shekarar sharaɗi zuwa 1956, abin da ya shigar da Hausawa da yawa cikin doka. Tsarin mulkin wucin gadi na 2005 kuma ya ce wanda uwarsa ko ubansa ɗan Sudan ne yana da haƙƙin zama ɗan ƙasa. Kafin wannan, ta wajen uba kaɗai ake gadon jinsiyya, saboda haka macen da ta auri marar takarda ta san 'ya'yanta za su taso ba takarda. Wannan lissafi ya hana aure da yawa da so ya ƙulla.

Zaman birni ya haɗa matasa a makaranta da kasuwa da motar haya, ya kuma cakuɗa al'adu. A bikin Bahaushen Khartum ana iya jin shela a inda Bakano zai ce lefe, a ga daren lalle na ango, da turaren duhan na amarya, da jirtig, wato bikin ɗaura wa ango da amarya zaren siliki ja a hannu. Ɗalibi zai lura cewa kalmomin hukuma, irin su hawasha da jinsiyya da gasima da ma'azun, duka Larabci ne, domin da Larabci hukuma ke magana.

Batun asali bai mutu ba. A 2022 an yi mummunan rikici a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka kashe ɗaruruwan mutane, Hausawa suka yi zanga-zanga a Khartum da Kasala da wasu garuruwa. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya jefa gabashin Nilu a hannun dakarun RSF har zuwa farkon 2025 da sojoji suka karɓe shi, kuma ya raba dubban iyalai da gidajensu.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa soyayya ba baƙuwa ba ce a gargajiyar Bahaushe. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne wanda ke da ikon mayar da ita aure. Da fari uba ne. Kuɗin ƙodago na Jazira ya ba saurayi baki, sanarwar 1960 ta ba budurwa baki a takarda, dokokin 1994 da 2005 suka rage wa masoya fargabar makomar 'ya'yansu. A ɗaya ɓangaren kuma, kwangilar hawasha da dokar 1948 sun raba mutane gida biyu, dokar 1991 ta bar ƙofar auren ƙananan yara a buɗe.

Kwangilar hawasha da auren fari na gargajiya sun yi kama ta wuri guda: manya sun gama shirya sharuɗɗa, sannan aka ɗauki shirun ƙarami a matsayin yarda. Tarihin dokar aure a Sudan tun daga 1933 gardama ce a kan ko wannan shiru ya isa. Ga yarinyar da ke kambo ko a Hajj Yusuf, amsar ta dogara ne a kan abubuwa uku: shekarunta ranar ɗaurin aure, da ko an rubuta auren, da ko akwai wanda ya tambaye ta kafin a shafa fatiha.